Tankin Ubaidu a Baƙin Gurbi

Na fara ganin Ubaidullahi mai walda ranar Litinin, 21 ga Oktoba, 2019, da ƙarfe goma saura kwata na safe, a wata kotu a Kalgo inda nake aikin magatakarda. 'Yan sanda biyu suka shigo da shi da ankwa a hannu. Kwana uku ke nan yana tsare, amma rigar da ya yi ta'asar da ita ce a jikinsa, gabanta ya sandare da busasshen jinin da ba nasa ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, idanunsa jajaye irin na wanda ya shekara ashirin yana kallon wutar walda ba gilashi. Mutumin Gwandu ne, can shagonsa yake, kuma kowa Ubaidu yake ce masa.

Ga abin da ya kawo shi. Yana da ƙane ɗaya, Sirajuddeen, ɗan kabu-kabu. Ranar 12 ga Satumba na shekarar, ruwa ya cika gulbi har ya shafe fadama, Siraju ya sauke fasinja a wani ƙauye a ƙetare, ya dawo maƙetarar da ke kusa da Diggi bayan la'asar, ya shiga kwalekwalen wani masunci mai suna Lukuman, shi da jan mashin ɗinsa. Su biyu ne kawai a ciki. Lukuman ya fito a gaɓa shi kaɗai, ba kwalekwale, ba Siraju, ba mashin. Ya ce sun kife a kan wuri mafi zurfi, wanda masunta ke kira Baƙin Gurbi. Washegari aka tsinci kwalekwalen a cikin ciyawa. Gawa ba ta taso ba. Bayan wata guda wani ya gaya wa Ubaidu wai an ga jan mashin irin na Siraju ana cinikinsa a wata kasuwa ta bakin iyaka.

Ranar Jumma'a da hantsi Ubaidu ya yanko rodi mai tsawon kamu biyu, ya hau mota zuwa Kalgo, ya ƙarasa maƙetarar da ƙafa. Ya tarar da Lukuman a sunkuye yana kwashe ruwa daga kwalekwale. Bai yi masa sallama ba. Bugu na farko ya sauka a kafaɗa, na biyu da na uku a hannun dama da Lukuman ya ɗaga don kare kansa, hannun ya karye wuri biyu, ƙashi ya huda fata. Na huɗu ya fasa haƙarƙari uku. Sannan ya kama shi ta gashi ya danna fuskarsa cikin ruwa, yana ɗagowa yana tambayarsa inda ya sayar da mashin, yana sake dannawa. Sai da maza bakwai suka taru kafin a ɓamɓare shi, ɗaya daga cikinsu ya bar rabin kunnensa a bakin Ubaidu.

An kawo Lukuman kotu daga asibiti, hannunsa a ɗaure. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya.

"Na ce mai ya sauka bisa mashin ya zauna ƙasa, ya ƙiya," in ji shi. "Ya naɗe robar ɗaure kaya ga hannunai, wai kada mashin ya zame. Da muka kife, mashin ya tahi da shi. Zurfin gurbin gaba biyar ne, ranka ya daɗe, kuma ruwa na gudu. Ba mai kai ƙasanai sai rani."

Alƙali ya juya ga Ubaidu, ya tambaye shi ko yana da abin cewa.

"Ranka ya daɗe, ina gawa? Ruwa na cin mutum ya amayo shi bayan kwana uku. Yau kwana talatin da tara. Wa ya ga kifewar? Shi ya faɗa, danginai suka maimaita."

Aka yanke masa shekara biyu. Ana fita da shi ya tsaya a gaban teburina, ya dubi biron da ke hannuna.

"Malam, ƙara da wanga. In na fito, da idona zan dubi ƙasan ruwan nan. In mashin na can, in ba shi haƙuri gaban jama'a. In babu, in ƙarasa abin da na fara."

Ba maganar shari'a ba ce, don haka ban sa ta a kundin kotu ba. Ina da littafina na kaina da nake rubuta abubuwan kowace rana tun ina saurayi, a nan na rubuta ta, tare da lambar mashin da launinsa kamar yadda suke a takardar 'yan sanda.

Akwai abin da Ubaidu ya jawo wa kansa bai sani ba. Masuntan wurin sun shirya nutsawa su nemo Siraju da zarar ruwa ya janye, haka suke wa duk wanda gulbi ya ci. Da aka karya Lukuman, sarkin ruwansu, wani dattijo mai ido ɗaya, ya tara su ya rantse cewa ba wanda zai jiƙa kansa saboda gidan su Ubaidu. Rani biyu suka wuce ba wanda ya nutsa.

Ya fito daga gidan yari a Oktoban 2021. Kafin shekara ta ƙare sau uku ana ganinsa zaune a kan tudu yana kallon maƙetara, ba ya magana da kowa. Lukuman, wanda hannunsa ya warke a karkace, ya koma tuƙi da hagu, da adda a ƙarƙashin mazauninsa.

Ranar Asabar, 18 ga Disamba, Ubaidu ya yi sallama a ƙofar gidana da safe. Ya zauna a bakin tabarma ya zana wani abu a ƙasa da tsinke. Tanki ne, irin wanda masu sayar da kananzir ke ajiyewa, zagayayye kamar ganga, tsawonsa ƙafa shida, faɗinsa ƙafa uku. Zai shiga ciki ya kwanta rub da ciki, a rufe, a saukar da shi da sarƙa, ya leƙa ƙasan gurbi ta wata 'yar taga da tocila.

"Mi ya hana ka nemo mai nutso daga wani gari?" na ce.

"Masunci masunci ne, Malam. Ko daga Yawuri ya zo, sai ya kwana gidansu kafin ya shiga ruwa. Ni idona nake so."

"To ni mene ne nawa a ciki?"

"An ce kai ka raba gado da gonaki, ba a taɓa kama ka da kuskure ba. Ƙarfe na sani, ruwa ne ban sani ba. Lissafa mani nauyin da zai hau tankin."

Na kwana biyu ina tunani. Abin da na gani shi ne, muddin yana gina tanki ba ya ɗaukar rodi. In kuma na ƙi, ba abin da ya rage tsakaninsa da Lukuman sai tafiyar awa ɗaya a mota. Na karɓa.

Duk Asabar nake zuwa Gwandu. Na nemo tsohon littafin kimiyya na sakandare na yi aiki da shi. Da farko muka cika tankin da ruwa don mu san cikinsa, ya sha jarka arba'in da shida ta lita ashirin da biyar. Wato sai an rataya masa ƙarfe mai nauyin sama da tan guda kafin ya yarda ya nutse. Ubaidu ya tara tsoffin bulok na inji da guntayen ƙarafa, za a ɗaure su a ƙarƙashi da igiya. Sannan na lissafa matsin ruwa. Gaba biyar ƙafa talatin ne. Na juya shi zuwa awon gejin masu faci, tunda shi Ubaidu ya sani: kowace ƙafa biyu da 'yan kai na ruwa awo ɗaya ne, ƙafa talatin awo goma sha uku. Na gaya masa murfin da zai shiga ta ciki kaɗai zai ɗauki nauyin buhun siminti talatin. Ya yi dariya, ya ninka murfin biyu, ya sa masa robar tif ta cikin taya da kusoshi takwas. Gindin tankin da bakinsa, da yake shafaffu ne, ya gicciya masu angil, ƙarfen nan mai kusurwa. Jikin tankin kuwa, mai kaurin milimita biyu, muka bar shi yadda yake, don zagayayye ne, kuma a ganinmu abin da yake zagayayye ba ya buƙatar tallafi.

Masu walda suna da hanya ɗaya ta gwada tanki, ko na ruwa ko na mai. A toshe shi, a hura masa iska, a shafa ruwan sabulu a kan ɗinki a ga ko zai yi kumfa. Ranar 19 ga Fabrairu, 2022, Ubaidu ya kira mai facin da ke maƙwabtaka da shi, aka jawo tiyo aka hura. Allurar geji ta hau goma sha uku, ta wuce ashirin, ta tsaya a talatin, awon tayar mota. Mutane suka ja da baya. Ubaidu ya hau kan tankin ya yi ta tsalle, ya sauko ya maka masa guduma sau uku. Ba kumfa ko ɗaya. Muka bar shi daga hantsi har la'asar, allura ba ta motsa ba.

Ga abin da na rubuta a littafina ranar, ban canja ko harafi ba: "Ana buƙatar 13, ya ɗauki 30. Ya ninka har da ƙari. Iska ta matsa daga ciki, ruwa zai matsa daga waje, amma ƙarfen ɗaya ne, kaurinsa ɗaya."

Muna cikin kwance tiyo sai ga mahaifiyarsu, Hajjo, ta zo da sanda tana dogarawa. Da yake shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, Babba take ce masa.

"Babba, wanga ne makarar?"

"Inna, ki koma gida."

"Ɗaya ruwa ya ɗauka da ƙarfi, ɗaya shi zai kai kanai a mota." Ta juyo gare ni. "Kai ne malamin da ka ba shi lissafi?"

Na ce ni ne.

"To ka fara lissafa abin da za ka zo ka faɗa mani."

Ranar Asabar, 5 ga Maris, aka ɗora tankin a bayan mota aka kai bakin gulbi. Ubaidu ya taho da surukansa na Malisa, makiyaya, su tara, da sanduna da bijimai biyu na huɗa don jan kaya. Babbansu shi ne Shamsuddeen, yayan matarsa. Ba wanda ya nemi izinin kowa. Baƙin Gurbi kuwa a rufe yake a lokacin, ba a jefa ko ƙugiya a ciki sai ranar da sarkin ruwa ya buɗe su, wato gari duka ya shiga kamun kifi rana ɗaya. Kawo ƙarfe mai warin kananzir wurin kafin ranar, a wajen masunta, kamar sakin shanu ne a gonar da ba a girbe ba.

Ba a gama sauke tankin ba suka fito daga rumfunansu, na ƙirga arba'in da ɗaya kafin na daina ƙirga. Gorar tuƙi, adda, duwatsu, wasu da masu na sukan kifi. Ba a yi wata magana ba. Dutse na farko ya fasa gilashin motar, direba ya gudu ya bar ta. Makiyayan suka haɗa baya da baya suna juya sanda, duk wanda ya matso sai ka ji ƙwas a goshinsa. Na ga an soki wani makiyayi da mashi a cinya, ya zare shi da kansa ya rama da gindinsa. Na ga Ubaidu ya ɗaga wani saurayi sama ya nana shi da bayan mota. Bijiman suka tsinke igiya suka bi ta kan shanyar taru da wata mata mai soya kifi, man ya kife mata a ƙafa. Ni ina riƙe da littafina ina cewa a tsaya, wani ya kawo mini gora a baki, haƙorana biyu na gaba suna can cikin yashin wurin har yau. Ina ƙasa ina tofar da jini na ga maza biyu sun cicciɓo wani ƙaton dutse da ake ɗaure kwalekwale da shi, suka sake shi a kan haƙarƙarin tankin. Ya lotsa, faɗin faranti.

Lukuman ne ya tsayar da faɗan. Ya shiga tsakiya ba komai a hannunsa, ya ɗaga karkataccen hannun sama inda kowa zai gani.

"Ku bar shi ya shiga," in ji shi. "Shekara biyu da rabi ɗiyana na jin ana ce ma ubansu ɓarawon mashin. Na gaji da tuƙi da adda ƙarƙashina. Ni zan nuna mai wurin." Ya dubi Ubaidu. "Amma ka sani, ƙasan gurbi ba a gani da ido, da hannu aka gani. Kai ko tocila za ka kai ma laka."

"Za ka ga abin da zan kai maka in na fito," in ji Ubaidu.

Mutum goma sha ɗaya aka yi wa ɗinki a ka ranar. Uban ƙasa ya kira ɓangarorin biyu ya yanke cewa a jira a yi su, bayansa a ba Ubaidu rana ɗaya tak, daga safe zuwa azahar. Sarkin ruwa ya yarda, amma ya maimaita cewa rantsuwarsa na nan, ba mai sa masa hannu.

Ubaidu ya shiga cikin tankin ya bubbuge lotsawar da guduma, ya sake gwajin iska. Ta hau talatin, har iskar ma ta taimaka ta turo wurin waje. Na auna faɗin tankin da zare ta fuska biyu, na ga ta wajen lotsawar ya gaza da yatsa biyu. Na rubuta. Ban yi komai a kai ba. Na ce masa a fara saukar da tankin ba kowa a ciki. Ya ce saukarwa da ɗagowa sau ɗaya zai cinye rabin lokacin da aka ba shi.

"Ko ba ka yarda da lissafinka ba, Malam?"

Na ce na yarda.

Ranar Asabar, 26 ga Maris, ya haɗa duro goma sha biyu ya yi gado mai rami a tsaka, ya gitta ƙarfe a sama, ya rataya sarƙar ɗaga inji irin ta makanikai. Ya shafa wa sarƙar fenti a kowace ƙafa. Lukuman ya tuƙa kwalekwalensa har tsakiyar gurbin, ya dubi wata giginya a gaɓa, ya dubi wani tudu, ya gyara kaɗan, ya nuna ruwa da gora. Nan aka kafa gadon, taku talatin daga inda nake tsaye da agogona. Jama'a sun cika gaɓa, masunta gefe guda sun naɗe hannu.

Ƙarfe goma da minti ashirin Ubaidu ya shiga da tocila da guduma, Shamsuddeen ya ɗaure kusoshi takwas. Mun yi da shi bugu ɗaya a ci gaba, bugu uku a ɗago. Shamsuddeen yana jan sarƙa yana kiran lamba, ina rubutawa. Biyar, bugu ɗaya. Goma, bugu ɗaya. Goma sha biyar, bugu ɗaya. Goma sha takwas.

Ƙarfe goma da minti arba'in da ɗaya, a ƙafa goma sha tara, aka ji ƙara kamar an maka ƙaton ƙyauren ƙarfe a cikin ƙasa. A tafin ƙafata na ji ta kafin kunne. Ruwa ya tuntsuro sama da farin kumfa. Tankin da dā ruwa ke ɗauke da mafi yawan nauyinsa ya sha ruwa nan take, dukan nauyin ya koma kan sarƙa. Gadon duro ya dulmiya ta gefe ɗaya, ƙarfen da aka gitta ya lanƙwashe ya ɓalle, ya doki Shamsuddeen a muƙamuƙi ya wurga shi ruwa. Sarƙa ta bi tankin ƙasa. Cikin daƙiƙa goma ba abin da ya rage sai duro suna yawo da ɗigon mai a kan ruwa.

Makiyayan suka jawo Shamsuddeen, bakinsa a karkace yana zubar da jini. Ba wanda ya iya nutso a cikinsu. Suka tsaya cikin ruwa iya ƙugu suna salati. Lukuman kuwa ya kwanta a cikin kwalekwalensa ya manna kunne a katako. Ya jima. Sannan ya ɗago.

"Yana bugu. Uku-uku."

"Rantsuwa na nan," in ji sarkin ruwa daga gaɓa.

"Baba, ni aka karya, ba kai ba."

"Ya fito ya kashe ka fa?"

"In ya mutu can bai gani ba, ɗiyana sun gaji sunan har abada. Ka kwance, Baba."

Tsohon ya tofar da yawu, ya ce kaffara a wuyansa. Kafin ya rufe baki Lukuman ya sa wuƙa a haƙori ya faɗa ruwa, wasu biyu suka bi shi. Nutso na farko suka lalubo tankin. Na biyu Lukuman ya yanke igiyoyin da ke riƙe da bulok ɗin inji, ya taso jini na zuba daga hancinsa. Na uku suka ɗaura babbar igiya a marikin tankin, aka miƙo bakinta gaɓa aka ɗaura wa bijiman makiyayan. Aka yi ta zabga masu bulala, masunta da makiyaya suka kama igiya ɗaya, har da wanda ya rasa rabin kunne. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti tara tankin ya fito kan yashi.

Ban gane shi ba. Tsakiyarsa ta haɗe kamar an taka gwangwani, daidai wurin tsohuwar lotsawa, ɗinki ya yage tsawon hannu. Gindin da bakin da muka gicciya wa angil suna nan lafiya lau, murfin ma haka, sai dai ya maƙale. Iskar da ta rage ta taru a gefen kan Ubaidu, ita ta riƙe shi. Aka sa cizal da guduma aka yi ta sara minti ashirin. Da aka buɗe, Ubaidu na kwance ruwa iya haɓa, jini na fita ta kunnuwansa biyu, ƙarfe ya cije ƙafarsa ta hagu daga gwiwa zuwa ƙasa ya niƙe ta. Sai da aka sa jak ɗin mota aka buɗa kafin a zaro shi. Bai suma ba. Gudumar na hannunsa, sai da aka ɓamɓare yatsunsa.

Ana ɗaure masa cinya da rawani na ga Lukuman ya koma ruwa shi kaɗai. Ya nutsa sau biyu. Ya fito ya tako har inda Ubaidu yake kwance, ya jefa masa wani lanƙwasasshen ƙarfe a ƙirji da ƙarfi.

"Tankinka bisa shi ya faɗa. Na kama kan mashin tun nutso na farko." Ya juyo gare ni. "Malam, an ce kai ba ka yar da takarda. Karanta muna."

Na kankare laka da yatsa. Lambar mashin ce. Na buɗe bangon littafina inda na kwafo ta daga littafin 2019, na karanta biyun da ƙarfi, harafi harafi, sun zo ɗaya, suna ƙarewa da 417. Ubaidu yana kallon bakina, ba ya jin komai. Na durƙusa na haɗa masa ƙarfen da shafin a gaban idonsa. Ya duba, ya sake dubawa, ya rufe fuskarsa da hannu biyu.

Washegari masunta suka ciro mashin. Robar ɗaure kaya tana nan naɗe da ƙasusuwan hannu, sauran suna ƙarƙashi cikin laka. Aka haɗa su a likkafani aka yi wa Sirajuddeen sallah a Gwandu bayan azahar.

Bayan mako biyu na ɗauki littafina na je wurin wani malamin makarantar fasaha a Birnin Kebbi, na nuna masa lissafin layi layi. Ya ce goma sha uku daidai ne, nauyin murfi ma daidai ne. Sannan ya miƙo mini gwangwanin lemo da ya shanye, ya ce in hura in fasa shi. Na hura har idona ya yi ruwa, ba abin da ya same shi. Ya ce to in matsa da yatsa biyu. Na matsa, ya lotse. Ya ce iska daga ciki miƙe ƙarfe take yi, tana ƙara masa zagaye, shi ya sa gwajin masu walda ya dace da tankin da zai riƙe abu a cikinsa. Matsi daga waje kuwa nema yake inda zagayen ya gaza ya ninke ƙarfen a nan. Ya yi nasa lissafin a bayan takardata, ya ce ko sabo ne tankin ba zai wuce ƙafa ashirin da kaɗan ba, sai an ɗinka masa zobba na ƙarfe a ciki, kamar haƙarƙari, tazarar ƙafa ɗaya ɗaya. Aikin kwana biyu ne a wajen Ubaidu, da na san in gaya masa.

Daga can na wuce Gwandu, na nemi iso wurin Hajjo, na durƙusa daga bakin ƙofa na gaya mata kuskuren a lissafina yake. Ta saurara har na gama.

"Na ji," in ji ta. "Tashi ka tahi, rana na yi."

An yanke ƙafar Ubaidu daga saman gwiwa. Ranar Jumma'a, 10 ga Yuni, ya sa aka ɗauke shi a kujera har maƙetara, aka tara jama'a, ya ba Lukuman haƙuri da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryarsa. Lukuman ya ce ya yafe, amma hannun ba zai miƙe ba, ya koma kwalekwalensa don fasinja na jira. Har yau yana ƙetarar da mutane, ba adda a ƙarƙashinsa, kuma ba ya tashi sai mai mashin ya sauka ya zauna ƙasa.

Ubaidullahi yana nan a Gwandu, shekarunsa arba'in da bakwai. Kunnensa na hagu ya mutu, na dama yana ji kaɗan in an matso. Ya sayar da tankin ga masu gwangwan. Ya daina aikin tanki kowane iri, a zaune yake walda, yana yin murhun gawayi da ƙyamaren tagogi, Shamsuddeen yana kai masa su kasuwa. Lambar mashin tana rataye a ƙusa a cikin shagon.